Wanda Ba Ya Iya Faɗin Inda Ke Masa Ciwo

Da wuya ka shiga ƙauye a ƙasar Adamawa, daga Tibati har Meiganga, ba ka iske gida ɗaya ko biyu masu irin wannan ɗa ba. Ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin tafiya. Tsaransa sun fara bin shanu ko zuwa makaranta, shi kuwa har yanzu sai an ba shi abinci a baki. Wani yana magana, amma kalmominsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Wani ya girma har ya yi gemu, amma canjin sefa 500 ya fi ƙarfinsa. Sunayen da ake kiransu da su duk mun san su: dolo, gaula, wawa, ɗan ruwa. A wasu wurare har cewa ake yi maciji ne ya zo cikin siffar mutum. Mu a asibiti muna kiran wannan hali nakasar girman ƙwaƙwalwa, wato ƙwaƙwalwar yaron ba ta bi sawun girman jikinsa yadda ta tsaransa ta bi ba.

An ba ma'aikatan asibitinmu da na ƙananan asibitocin ikilisiya da ke ƙauyuka horo a kan yadda za a kula da lafiyar hankalin waɗannan mutane. Wannan ɗan littafi zai faɗa muku abin da horon ya ƙunsa, domin ku san abin da za ku tarar in kun kawo naku, ku kuma san abin da ya rage a hannunku, gama yawancin aikin a gida ake yinsa.

Nakasa daban, tabin hankali daban

Mutane suna haɗa su a kwando ɗaya su ce duk hauka ne. Ba haka ba ne. Nakasar girman ƙwaƙwalwa tana farawa tun daga ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin ƙuruciya, kuma tare da ita mutum zai rayu. Ba ta zuwa ta tafi. Tabin hankali kuwa yana sauka ne a kan mutumin da aka san halinsa, sai a ga ya canja: ya daina barci, ya daina ci, ya janye daga mutane, ko yana jin muryoyin da babu mai yinsu. Wannan yana da magani, da yawa kuma suna warkewa.

Ga inda wahalar take. Mai nakasa shi ma yana iya kamuwa da ciwon damuwa, da fargaba, da tabin hankali, a bisa nakasar da yake da ita. Hasali ma sun fi sauran mutane kamuwa, don sun fi kowa shan tsokana da duka da kaɗaici. Amma in abin ya same shi, sai kowa ya ce, "Ai da ma haka yake." Uwa ta faɗa, maƙwabci ya faɗa, wani lokaci ma har mai farar riga ya faɗa. Nakasar ta zama kamar babbar bishiyar da inuwarta ta rufe duk abin da ya tsiro a ƙarƙashinta. Masana a Amurka sun ba wannan kuskure suna tun 1982, saboda sun ga yadda har ƙwararru suke faɗawa cikinsa. Rabin horon da aka yi mana a kan wannan abu ɗaya ya tsaya.

Daga ina horon ya fito

Ƙwararrun likitocin hankali a Kamaru kaɗan ne, kuma yawancinsu suna Yawunde da Duwala. Mutumin Ngaundere da ke son ganin likita a asibitin Jamot sai ya kwana a jirgin ƙasa, ban da kuɗin masauki da na abinci, ban da wahalar tafiya da wanda hayaniyar tasha kaɗai ta isa ta firgita shi. Manomi nawa ne zai iya wannan a tsakiyar damina?

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Shi ya sa a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara wani shiri mai suna mhGAP, don a koya wa nas-nas da likitocin da ba ƙwararrun hankali ba yadda za su gane waɗannan cututtuka su kuma yi maganinsu a inda mutane suke zaune. Littafin jagorar shirin ya fito a 2010, aka sabunta shi a 2016, akwai shi da Faransanci, kuma shi ne ginshiƙin abin da aka koya mana. Hukumar tana da wani shirin kuma na koyar da iyayen yara masu shekara 2 zuwa 9, wanda aka gwada a ƙasashe da dama, har da Habasha da Kenya. Zama tara ake yi cikin ƙungiya, sannan a ziyarci kowane gida sau uku.

Tunanin kansa ba baƙo ba ne a Afirka. A 1954 wani likita ɗan Najeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya fara saukar da masu tabin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowane tare da ɗan'uwansa. Da rana su zo karɓar magani, da yamma su koma cikin jama'a. Ya ga mutum ya fi samun sauƙi cikin mutane bisa ga bayan katanga. Mu ma a ikilisiya muna da namu gadon. A Jamus, kusa da garin Bilefeld, an buɗe wani gida a 1867 domin yara masu farfaɗiya, daga baya aka sa masa suna Betel. Fasto Friedrich von Bodelschwingh ya karɓi shugabancinsa a 1872, wurin ya girma har ya zama kamar gari, masu nakasa suna noma suna sana'a a ciki. Har yau yana nan yana aiki.

Abin da ke kawo nakasar

Ba zan daɗe a nan ba, don wasu littattafan wannan jeri sun yi bayani. Doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri tana kawo ta. Haka ma shawara mai ƙarfi a makon farko na haihuwa, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau ƙwaƙwalwa, da tamowa mai tsanani. Giya a lokacin ciki, ko bilbil ce ko arki, tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki. Rashin sinadarin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo a wuyan uwa, yana taɓa ƙwaƙwalwar ɗanta, shi ya sa tun 1991 doka ta ce a sa aidin cikin gishirin da ake sayarwa a Kamaru. Masu aikin zinariya su lura: a 2010 dalmar da ke cikin ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara ta Najeriya, ta bar wasu da yawa da nakasa, saboda a tsakar gida ake daka dutsen.

Akwai kuma wadda ba kowa ya jawo ta ba. Yaron da ake gani da ɗan faɗin fuska, da idanu masu ɗan karkata, da jiki laɓo-laɓo, yana da abin da ake kira Daun, sunan likitan Ingila da ya bayyana shi a 1866. A 1959 aka gano a Faransa cewa ƙwayoyin gadon jikinsa 47 ne maimakon 46. Ana haihuwar kamar ɗaya cikin jarirai 1000 da shi, a kowace ƙasa da kowace kabila. Akwai galahanga, inda yaro ba ya haɗa ido, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, yana maimaita abu ɗaya ba gajiya. Da yawa kuma ba a gano dalilin tasu, ko a manyan asibitocin duniya.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya nuna cewa uwa ta yi wanka a rafi da dare, ko ta tsallake wani abu, ko ta ci amanar aure. Ku dubi Yohanna sura 9: almajirai sun nemi wanda za su ɗora wa laifin makantar mutumin nan, shi ko iyayensa, Ubangiji kuwa bai ɗora wa ko ɗaya ba.

A fara duba jiki

Wannan shi ne darasin da na fi so kowa ya riƙe. In mai nakasa ya canja hali farat ɗaya, ya fara cizo, ko buga kai da bango, ko ihu cikin dare, abu na farko da aka koya mana mu tambaya shi ne: ina ke masa ciwo? Ni da ku in haƙori ya dame mu, mukan ce haƙori ne. Wanda ba shi da kalmar, da me zai faɗa? Da hannu zai faɗa, da haƙoransa, da kansa da yake bugawa.

Saboda haka nas ɗin da ya sami horo zai buɗe baki ya duba haƙora, ya leƙa kunne, ya taɓa ciki. Zai tambaya yaushe rabon da ya yi bayan gida, gama cushewar ciki ta yi yawa ga waɗanda ba sa motsi sosai ko suke shan magungunan hankali, kuma tana iya sa mutum mai sanyin hali ya zama abin tsoro. Zai gwada fitsari, ya gwada zazzaɓin cizon sauro, ya duba tafin ƙafa ko ƙaya ta karye a ciki, ya duba fata ko ƙazwa ce ke hana barci. In budurwa ce zai tambaya ko rikicin yana zuwa ne wata-wata, daidai lokacin al'adarta.

An taɓa kawo mana wani saurayi ɗaure da igiyar shanu, maza uku suna riƙe da shi. Sun ce mako biyu ke nan yana marin kansa a kumatu ɗaya, ya ƙi tuwo, ya ciji ƙanensa. Allurar barci suka zo nema. Uwarsa ce ta ce kunu yana sha, amma in da ɗumi sai ya yi ihu. Da aka lallaɓa aka buɗe bakin, sai ga turmin haƙori ya ruɓe, dasashi ya kumbura da ruwa. Aka ba shi maganin zafi da na kashe ƙwayoyin cuta, bayan kwanaki aka cire haƙorin. Da ƙafarsa ya koma gida, igiyar kuwa a hannun babansa.

Masu Daun suna da nasu abubuwan da ake dubawa. Kusan rabinsu ana haihuwarsu da matsalar zuciya. Kunnensu yakan toshe, sai a ce taurin kai ne, alhali ba su ji ba ne. Ƙullin wuya da ke sarrafa ƙarfin jiki yakan yi rauni, mutum ya yi nauyi, ya yi sanyi, ya yi ta barci, a ɗauka lalaci ne, alhali gwajin jini zai nuna, ƙwaya ɗaya a rana kuma ta gyara. Sukan kuma fara mantuwar tsufa da wuri, wasu tun daga shekara 40 zuwa 50.

Me ya faru kafin, me ya biyo baya

In jiki lafiya lau ne, sai a koma ga halin kansa. An koya mana cewa hali mai wuya yawanci saƙo ne. Ko dai mutum yana neman wani abu, ko yana gudun wani abu, ko yana so a kula da shi, ko kuwa hayaniya da zafi da cunkoso sun yi masa yawa. Hanyar ganewa tambaya uku ce: me ake ciki kafin ya fara, me ya yi daidai, me mutanen gida suka yi bayan nan.

Ɗauki yarinyar da ke birgima tana ihu kullum da yamma. In aka bi sawu, sai a ga lokacin da uwa ke kan murhu ne, ba mai kallonta. Tana yin ihu sai uwa ta bar tukunya ta ɗauke ta, ta ba ta ƙosai don ta yi shiru. Yarinyar ba mugunta take yi ba. Ta koyi cewa ihu ne ke kawo uwa da ƙosai, kuma gaskiyarta, shi ke kawowa. Gyaran shi ne a zaunar da ita kusa tun kafin ta fara, a ba ta ɗan aiki, ko da tsince wake ne ko riƙe ludayi, a yabe ta tun tana zaune shiru, a kuma koya mata wata hanyar roƙo, ko nuni da hannu, ko taɓa kwano. Kwanakin farko ihun yakan ƙaru kafin ya ragu. Iyaye da yawa a nan suke karaya. In kun san haka zai faru, za ku daure.

Wanda bai iya rubutu ba yana iya riƙe lissafi. A sami gwangwani biyu, na safe da na yamma, duk sanda abin ya faru a jefa ƙwayar masara. Bayan mako biyu ku zo mana da su. Haka ma ake ƙirga faɗuwar mai farfaɗiya, kuma ya fi "yana yi da yawa" amfani nesa ba kusa ba.

Koyarwa kuma a gutsura ta ƙanana. Ba a cewa "yi wanka" gaba ɗaya. Yau a koya zuba ruwa, in ya kama a ƙara shafa sabulu. Kalmomi kaɗan, harshe ɗaya a lokaci ɗaya, wanda aka fi yi a gida, ko Hausa ne ko Fulatanci ko Gbaya. Duka ba ya koyar da komai sai tsoro, kuma yaron da ake duka shi ne zai dinga dukan na ƙasa da shi.

Baƙin cikin da ba a gani

Ciwon damuwa ga mai nakasa ba ya zuwa da dogon bayani. Alamarsa ita ce mutum ya bar abin da ya saba so. Wanda kullum shi ne na farko a majami'a yana jera kujeru, yanzu ya ƙi fita ɗaki. Ya rame, yana farkawa tsakar dare, yana kuka ba dalilin da aka gani, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina shekaru. Abin da nas zai tambaya shi ne yadda yake wata shida da suka wuce, shi ya sa muke so wanda ya fi saninsa ya zo tare da shi.

Sau da yawa in aka bincika, rasuwa ce. Uwar da ta riƙe shi shekara 30 ta rasu, aka kai shi gidan maƙwabta ranar jana'iza don kada ya dami baƙi, aka ce masa ta yi tafiya. Sai ya zauna a bakin ƙofa yana jira. Mako ya wuce, wata ya wuce, kowa ya yi makokinsa ya gama, shi ko fara nasa bai yi ba. A ganina wannan yana cikin manyan zaluncin da muke yi da kyakkyawar niyya. A faɗa masa gaskiya da kalmomi masu sauƙi, a maimaita duk sanda ya tambaya. A bar shi ya je jana'iza tare da wanda zai riƙe hannunsa, a nuna masa kabari, a bar masa zanenta ko hotonta. Fastoci da masu bishara da limamai, in kun je gaisuwa, ku gaishe shi da sunansa kamar sauran 'ya'yan gidan.

Ƙaura ma haka take. Iyalan da suka gudo daga Afirka ta Tsakiya zuwa Garwa-Bulai da Meiganga tun rikicin 2013 sun zo da nasu masu nakasa. Mutumin da duk duniyarsa ita ce hanyar gida zuwa rijiya, ka raba shi da wannan hanya cikin dare da ƙarar bindiga, ba abin mamaki ba ne in har yanzu ƙarar babur tana sa shi ya ɓuya.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. 'Yan mata masu nakasa, har da yara maza, mugaye sun fi kai musu hari, don sun san ba za su iya ba da labari ba, in ma sun bayar ba za a yarda ba. Yawanci kuma ba baƙo ba ne. In yarinya ta fara tsoron wani mutum musamman, ko ta ƙi a taɓa ta wajen wanka, ko aka ga jini ko rauni, ko al'adarta ta tsaya, kada a rufe don kunya. A kawo ta nan da nan. Maganin da ke hana kamuwa da cutar sida sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Abin da aka faɗa a ɗakin duba marar lafiya a nan yake tsayawa.

Maganar magani

Babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da nakasar girman ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ce muku yana da ita, a kasuwa ne ko a kanti ko a bakin mota da lasifika, kuɗinku yake so. Abin da magani ke yi shi ne ya warkar da abin da ya hau kan nakasar, kamar farfaɗiya, da ciwon damuwa mai tsanani, da tabin hankali na ainihi.

Farfaɗiya tana tare da kamar ɗaya cikin biyar na masu nakasar fahimta, maganinta kuma yana aiki in ana sha kullum ba fashi. Tsayar da shi farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Gardénal, wanda ya fi araha, yakan sa wasu yara rashin natsuwa da faɗa, in kun ga haka ku dawo a duba, kada ku ƙara kuma kada ku daina da kanku. Dépakine yana iya lahanta ɗan da ke ciki, saboda haka ba a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki sai da shawarar likita. Tégrétol in ya fito da ƙuraje a jiki ko a baki, a zo ranar. Yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa cutar. In ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura masa komai.

Su Largactil da Haldol magunguna ne na gaske ga wanda yake da tabin hankali na gaske. Amma ana yawan ba da su don kawai mutum ya yi shiru gida ya huta. Sai ka ga saurayi ya sandare, yana tafiya kamar an ɗaure masa gwiwa, hannu na rawa, yawu na zuba, mutane su ce ciwon ne ya ƙaru, alhali maganin ne. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce a fara da kaɗan, a ƙara a hankali, magani ɗaya a lokaci ɗaya, a sa ranar dawowa, in bai yi amfani ba a janye shi sannu-sannu. Ku kuma kuna da ikon tambaya: wannan na mene ne, har yaushe za a sha, me zan lura da shi? Valium da taramol na masu talla a faranti kuwa, kada su shiga bakinsa ko sau ɗaya.

Mari da turu

A 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu matsalar hankali da sarƙa a ƙasashe 60, a gidaje da wuraren addu'a da na masu maganin gargajiya. Ba ma buƙatar rahoto mu san haka, gama muna wanke gyambon da mari ya bari a idon sawu.

Ban ɗauki iyayen da suka ɗaure ɗansu a matsayin mugaye ba. Uwa za ta tafi gona, rijiya a buɗe, hanyar mota kusa, ba mai tsaya mata. Amma ɗauri yana ƙara fushi da tsoro, yana shanye ƙafa, kuma wanda ke ɗaure ba ya iya gudu in gobara ta tashi ko mugu ya shigo. Abin da muke yi yanzu shi ne mu zauna da iyali mu nemi hanyar kwancewa mataki-mataki: a gano abin da ke tayar masa da hankali, a yi maganin abin da ke da magani, a rufe rijiya, a gyara danga, a sami mutum biyu ko uku da za su karɓi juna wajen tsaro.

Addu'a muna yinta, a asibitin nan da ita muke fara aiki kowace safiya. Amma addu'ar da ta zo da bulala, ko hana yaro abinci da ruwa kwana uku da sunan azumi, ko umarnin a zubar da maganin farfaɗiya don a nuna bangaskiya, wannan ba mu yarda da ita ba, ko a wane ɗakin ibada aka yi ta.

Uwar ma a dube ta

An koya mana kada mu sallami yaro ba mu tambayi mai riƙonsa ba: Mama, ke fa, kina barci? Wa ke taimaka miki? Sau da yawa a nan hawaye ke zubowa. Wata mijin ya juya mata baya, dangin miji suna cewa daga gidansu ta kawo. Wata ta daina zuwa biki da suna da sujada shekara da shekaru, don ba inda za ta bar shi, in ta zo da shi kuma a yi ta kallo. Ciwon damuwa yana kama irin waɗannan mata ƙwarai, kuma yana da magani.

Nan ne ikilisiya take da abin da asibiti ba shi da shi. Zumuntar mata tana iya tsara wadda za ta zauna da yaron rabin yini a mako, uwar ta je kasuwa ko ta yi barci kawai. Malamin makarantar Lahadi ya ajiye masa wuri kusa da ƙofa, in hayaniya ta yi yawa ya fita ya dawo. Dattawa su yi wa yaran unguwa magana a kan jifa da waƙar tsokana, su yi wa uban magana shi ma. Babban da ya iya share majami'a, ko ba awaki ruwa, ko ɓare gyaɗa, a ba shi aikin ya zama nasa, in na kuɗi ne a biya shi. Kuma ku sani dokar ƙasa ta 13 ga Afrilu 2010 ta ba masu nakasa haƙƙoƙi, har da na karatu. Ana neman katin nakasa a ofishin kula da jin daɗin jama'a, wanda aka fi sani da Afer Sosiyal, mu kuma za mu taimaka da takardar likita.

Yaushe za a zo

Kada a jira yaro ya "buɗe da kansa". In ya kai wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai yi tafiya ba, ko shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ya rasa abin da ya riga ya iya, a kawo shi a duba, har da ji da gani. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi karɓar koyarwa, abin da aka fara a shekara 2 ya fi wanda aka fara a shekara 10 nisa.

Waɗannan kuwa ba sa kwana: jijjigar da ta wuce minti 5 ko take maimaituwa bai farfaɗo ba, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙin ci da sha gaba ɗaya, sandarewar jiki da zazzaɓi ga mai shan maganin hankali, jaririn da idonsa ya yi rawaya a ranar farko ko rawayar ta kai tafin hannu da ƙafa, da duk wanda ya yi ƙoƙarin hallaka kansa.

In za ku zo, ku zo da sassafe kafin layi ya yi tsawo, ku faɗa wa mai karɓar kati cewa ba ya jure jira, za a nemi wuri mai shiru. Ku zo da katin asibiti, da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na kasuwa da na gargajiya, ba wanda zai yi muku faɗa. Ku ɗauko abin da ke kwantar masa da hankali, ko tsumma ne ko murfin kwalba. Nas ɗin zai fara gaishe shi da kansa, ya nuna masa abin awo kafin ya taɓa shi, ya ba shi lokaci ya amsa ko da da kai ne. Ku ɗan yi haƙuri kada ku riga shi amsawa, bayan nan za a juyo gare ku.